Om Goma Sha Biyu

Lahadi, da hantsi

Jiya aka yi addu'ar bakwai, mutane sun watse. Indo, ƙanwar Malam mijina, ta tafi da 'yarmu Khairiyya Kalgo. Ta ce yarinya ba za ta warware ba tana kallon wannan bangon, ga jarrabawarsu ta jami'a ta matso. Ban hana ba. Ni takaba ta zaunar da ni a ɗakin da ya rage, tsakanin buhunan shinkafa da keken ɗinki.

Komai warin hayaƙi yake. Na wanke mayafin nan, na shanya, na sake wankewa.

Yaya Sadiƙ, wan Malam, ya sa an kwashe ƙonannen silin an kai bayan gari. Akwatin fiyus kuwa da hannunsa ya cire shi daga bangon zaure, tun Malam yana asibiti da ransa. Bai san na riga shi leƙawa ba.

Litinin, bayan la'asar

Masu gaisuwa ba su ƙare ba. Kowace ta zauna sai ta ba ni labarin yadda mijina ya kutsa cikin hayaƙi ya goyo mahaifiyarsa ya fito da ita, kamar ba a gidana aka yi ba. Wata ta ce yana kabbara ya shiga. Wata ta ce ya koma ciki neman Alƙur'anin Inna. Kafin arba'in za su ce bango ya tsage masa ya wuce.

Ya goyo ta, wannan gaskiya ne. Ina cewa amin, ina cewa na gode. Haƙorana sun fara ciwo.

Talata, da walaha

Indo ta kira. "Malama, ɗiyarki ba ta cin komi. Na dama hura, na yi tuwo, na sawo mata tsire, ko kallo. Ba ta kuka kuma, da ta yi da na ji daɗi."

Na ce ta ba ta wayar. Na ji numfashinta. Na ce Khairiyya, ta ce na'am, shi ke nan.

Laraba, bayan azahar

Ba ta ci ba.

Alhamis, da azahar

An kawo wuta a unguwa. Yara suka ɗauki ihu daga wannan lungu zuwa wancan, ni kuwa na tsinci kaina tsaye tsakar gida ba takalmi. Gidanmu ba layi yanzu, ba abin da zai kama, amma sai da na zauna a ƙasa har ihun ya lafa.

Haka aka yi ranar gobarar, Alhamis ce ita ma. Ina makaranta. An yi kwanaki ba wuta, da ta zo kowa ya ruga. Mu da Yaya Sadiƙ da Inna duk layi ɗaya muke ja, layin da aka sa tun gidan bai san komai ba sai ƙwai da rediyo. Kubura, matar Yaya, ta jefa hita a bokiti ta jona murhun lantarki. Firji biyu suka tashi. Khairiyya ta zo hutun kwana uku, ta ɗauko dutsen guga don ta goge wa babanta rigar Juma'a.

Shekaru muna musu da Malam kan layin nan. Shi malamin dabbobi ne, komai da shanu yake auna shi. "Hadijatu, komin ban ruwa guda ne. In shanu sunka yi yawa kowace ta sha kaɗan, iyaka ke nan. Rijiya ba ta ƙara ruwa don an ƙara saniya." Ya ɗauka in an jona kaya da yawa rabon kowa ne ke raguwa. Na ce masa wuta ba komin shanu ba ce. Na zana masa a ƙasa, na zana a takarda, na taɓa zanawa a bayan kwanon tuwonsa. Sai ya yi dariya ya ce, "Allah shi ba malama haƙuri, ɗalibin nan daƙiƙi ne."

Abin haushin shi ne akwai haɗin da maganarsa ke zama gaskiya. In an jera kaya ɗaya bayan ɗaya a kan hanya guda, turjiyarsu taruwa take, wannan a kan wancan, kowane ƙari yana rage abin da ke gudana. Amma ba a haɗa gida a jere. Kowane soket reshe ne mai hanyar kansa, kowane reshe da aka buɗe turjiyar gidan gaba ɗaya raguwa take, abin da ake ja daga waje yana ƙaruwa, kuma duka ta waya ɗaya yake shigowa. 'Yan aji biyar ɗina sun gane wannan cikin darasi guda. Shi shekara ashirin da biyu.

Asabar, da hantsi

Khairiyya ta kira da kanta. Na ga sunanta na ɗauka kafin ƙarar ta gama.

"Mama, dutsen gugarmu wat nawa ne?"

Na ce don me. Ta sake tambaya. Na ce dubu da ɗari biyu.

"To turjiyarsa om arba'in da takwas ke nan." Muryarta a shimfiɗe, kamar mai karanta allo. "Hitar Gwaggo Kubura arba'in, murhunta arba'in. Reshe biyu daidai, rabi, ashirin. Firji biyu da talabijin da ƙwayaye na ƙiyasta su tamanin. Ashirin sau tamanin a raba da ɗari, sha shida. Bolt ɗari biyu da arba'in a raba da sha shida, wutar da ake ja amfiya sha biyar. Gida yana zaune lahiya a sha biyar, Mama."

Na ce Khairiyya, saurara.

"Sai na jona nawa. Sha shida sau arba'in da takwas a raba da sittin da huɗu. Om sha biyu. Amfiya ashirin. Ban gama hannun riga guda ba na ji wari. Ki duba mini. In akwai kuskure ki faɗi."

Babu kuskure. Ni na koya mata, tana 'yar shekara tara, da ƙwan tocila uku da batir a kan tabarma. Na ce mata firji ba a lissafa shi kai tsaye haka, akwai inji ciki. Ta ce ta sani, ko an canza tamanin ɗin amfiya biyar ɗinta suna nan. Ta kashe wayar.

Asabar, bayan la'asar

Na sake lissafin a bayan kalanda. Sha biyu.

Na ma jera su don in ga duniyar Malam: arba'in da arba'in da tamanin da arba'in da takwas, ɗari biyu da takwas. Amfiya ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba. Da ruwan Kubura bai yi ɗumi ba har magariba, da rigar ba ta gogu ba, da ya tafi masallaci a yamutse yana mita.

Lahadi, da walaha

Akwai abu ɗaya da bai shiga lissafinta ba. Jira nake ta tambaya. Yarinyar da ta fi kowa maki a ajinsu, ai za ta tambaya.

Litinin, bayan azahar

Ba ta tambaya ba. Ba ta ci ba. Indo ta ce ruwan shayi kawai, rabin kofi.

Laraba, da hantsi

Yaya Sadiƙ ya tsaya bayan labule ya yi sallama. Na ce masa Khairiyya ta ɗora wa kanta, tana ganin dutsen gugarta ne.

"Subhanallahi. A gaya mata ƙaddara ce."

"An gaya mata, Yaya. Ta iya lissafi."

"To a ƙara gaya mata."

Na ce ina akwatin da ya cire. Labulen ya daina motsi. Can ya ce, "Malama, wanda yat tahi ya tahi. Garin ga duka da alheri suke ambatonai. Inna da wannan take rayuwa, cewa ɗanta ya mutu wajen cetonta. Mi za ki ƙara mata? Mi za ki ƙara wa yarinyar?"

"Abinci a ciki."

"Ba a tona mamaci. Ke mai karatu ce, kin fi ni sani."

Na fi shi sani, shi ya sa na san ba a ce a rufa wa mamaci asiri da ran mai rai ba. Ban faɗa ba. Na ce na ji. Mace mai takaba ba ta ɗaga murya, haka aka ce, ni kuwa duk jikina murya ne.

Alhamis, da azahar

An kawo wuta. Na toshe kunnuwana.

Juma'a, bayan an sauko

Indo ta kai Khairiyya wurin wani malami a Diggi, an yi mata tofi, an ba da rubutu. Ta shanye ba musu, ta dawo ta kwanta fuskarta ga bango. Ba ta shiga aji ba tun da ta koma. Ƙawayenta sun zo da takardun darasi, ta ce a ajiye.

Ban raina rubutu ba. Amma ayar da aka wanke mata ba ta ce sha biyu ba sha biyu ba ce.

Asabar, da safe

Kai nake wa magana yau, Malam. Ka ji ni.

Ka bar ni da ɗaki guda da warin hayaƙi da mata masu ba ni labarinka. Ka bar hularka a kan ƙusa a zaure, ko baƙi ba ta yi ba, kullum sai na gan ta in zan zaga. Ba ka da haƙurin minti biyar, ba ka taɓa yi ba. Abu ya yanke, a rage kaya a gyara, a'a, kai sai ka yi maganinsa gaba ɗaya kada ya sake damunka. Ka yi maganinsa.

Kuma da ka shigo yanzu kana goge hannu a riga kana cewa Hadijatu mi munka samu, da na tashi na zuba maka. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Lahadi, bayan la'asar

Inna ta sa an kawo ta ƙofata a kan kujera. Har yanzu tana tari. Ta riƙe hannuna ta ce bayansa ya yi zafi kamar tukunya sa'ad da ya goyo ta, yana ce mata, "Inna riƙe ni da kyau, kin yi nauyi, wa ke ba ki nama a ɓoye?" Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma kuka.

Ta ce ina Khairiyya takwarar uwata, ba ta zo ta gaishe ni ba. Na ce karatu.

Talata, da hantsi

Khairiyya ta faɗi a bayi. An ɗaura mata ruwa leda biyu a wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar ta ce wa Indo jikin ba ciwo, yunwa ce, kuma in aka ci gaba haka ba jarrabawa ce abin tsoro ba.

Indo tana kuka a waya. "Malama, ni na kasa. Ta ce mini ita ta kashe shi, da bakinta. Na ce ta yi istigfari, ta ce tana yi."

Talata, bayan azahar

Ba za ta tambaya ba. Tana tsayawa inda laifin ya iso kanta, ba ta ƙara taku ɗaya.

Laraba, bayan asuba

Na duba littattafan fiƙihun da ke cikin akwatina, ko da yake na san abin da zan tarar. Mai takaba tana fita da rana don lalura, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Matan unguwa ba su san da wannan ba, ko sun sani ba su so. Su faɗi abin da za su faɗa.

Laraba, bayan magariba

Na je na dawo.

Kubura ta gan ni da mayafi a zaure ta dafe ƙirji. "Malama, ina zuwa cikin takaba?" Na ce Kalgo. Ta ce Yaya ya sani? Na ce zai sani, tunda kin gani.

Na same ta a ɗakin Indo a kan katifa. Wuyanta. Ba zan rubuta wuyanta ba.

Na ce Indo ta ba ni gawayi. Na ja tabarma gefe, siminti ya fito. Na ce tashi ki zana mini gidan. Ta dube ni kamar na haukace, amma ɗalibata ce kafin komai, ta sauko. Ta ja layi biyu, ta jera rassa huɗu a tsakaninsu, ta rubuta lambobin. Zanen bai karkace ba.

Na ce da jarrabawa ce da na rage miki maki. Daga mita zuwa reshen farko, me ke kan hanya?

"Waya."

Kafin wayar.

"Fiyus."

A reshe yake ko a jere?

"A jere."

Wato me ke bi ta cikinsa?

"Duka."

Na amfiya nawa ne namu?

"Goma." Ta san shi, ita ke riƙe mini tocila in ina sa masa siririyar wayarsa.

Na ce to gaya mini yadda gida ya zauna lafiya a sha biyar. Gaya mini yadda aka yi har kika sami wutar da za ki jona dutse. Aikinsa ke nan guda ɗaya a duniya, ya ƙone kafin gida ya ƙone. Da yana nan, da hitar Kubura da murhunta sun yanke shi, da kin tsaya da riga a hannu kina tsaki.

"Ya lalace ke nan."

Fiyus in ya lalace yankewa yake.

Indo tana bakin ƙofa. Ta ce, "Malama," a hankali, a nan na gane ita ma ta sani. Dukansu sun sani.

Khairiyya ta ce, "Mi ke ciki?"

Na ce wayar jan ƙarfe mai kauri, ninki uku, irin ta naɗin injin ban ruwa. Na gan ta da idona bayan an kashe gobarar, ko laushi ba ta yi ba. Lahadin da ta wuce kafin ranar ni na sa siririya da hannuna. Wadda na tarar an murɗa ta ta hagu.

Bahago ɗaya ne a gidanmu.

Ta ce ƙarya ne. Na ce na taɓa yi miki ƙarya a kan allo? Ta ce don ba ya nan ya kare kansa. Na ce da yana nan da ya amsa, yana dariya, ya ce ya gaji da tashi gyara. Ba mugunta ba ce, Khairiyya, ya ɗauka komin shanu ne. Ya goyo kakarki, kuma shi ya sa wayar, duka biyun shi ne.

Sai ta yi kukan da Indo ke nema tun ran farko. Ban taɓa jin irinsa ba. Na kai hannu, ta ture.

"Da kin bar min shi," ta ce. "Da kin bar ni da nawa, shi ki bar min shi yadda yake."

Na ce ba zan iya ba.

"Tashi ki tahi."

Indo ta raka ni bakin titi, da mota ta tsaya ta juyo. "Kin tona ɗan'uwana gaban ɗiyarsa. Allah shi isar mai." Na ce amin, ya isar mana duka, ki dama mata kunu mai ruwa-ruwa, kada ki fara da tuwo.

Na iso kafin rana ta faɗi. Gawayin bai fita daga farcena ba.

Alhamis, da azahar

An kawo wuta. Ban tashi ba.

Juma'a, da hantsi

Yaya Sadiƙ ya wuce ƙofata bai yi sallama ba. Kubura ta aiko da abinci ba ta shigo ba. Ba wanda ya gaya wa Inna, ni ma ba zan gaya mata ba, ba ita ke mutuwa da yunwa ba.

Na kira Khairiyya. Wayar ta yi ƙara har ta tsinke.

Asabar, bayan la'asar

Saƙo daga Indo, ba gaisuwa: ta sha kunu.

Litinin, da walaha

Ta sha kunu, ta ci ɗan wake. Na kira, ba ta ɗauka ba.

Na yi ta tunanin ko akwai wata hanyar da zan bi in faɗa. Na juya ta ko'ina. Duk inda na bi, a ƙarshe sai ta tambayi wa, kuma sai na amsa.

Alhamis, bayan azahar

Ta shiga jarrabawar farko. A bakin wata malamar makarantarmu na ji, 'yarta ajinsu ɗaya. Ta ce ta rame amma ta zauna har aka karɓi takarda.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na gaya maka, Malam, ko da yake ba ka cancanta ba. 'Yarka ta rubuta.

Lahadi, bayan la'asar

Indo ta kira, a kan kayan Malam da za a raba, murya a bushe, tana ta Malama kaza Malama kaza. Muna cikin magana na ji cokali yana bugun kwano a bayanta, sai muryar Khairiyya, sarai, da ƙarfinta: "Gwaggo, miyar ga ba gishiri."

Indo ta ce, "Ga mamarki a waya."

Cokalin ya tsaya.

Na ce Indo, kada ki ba ta. Kada ki ce mata komai. Ki ce na kashe, ki ajiye wayar a ƙasa kusa da tabarma.

Na ɗauka za ta ƙi. Sai na ji ta ce, "Ta kashe," na ji wayar ta taɓa siminti.

Can cokalin ya ci gaba. Na zauna a kan buhun shinkafa, waya a kunne, na saurare ta har ta kankare kwanon.